Kunnen Hagun Mai Rawani

Na yi shekara hamsin da ɗoriya ina riƙe da aska. Kawunan da suka sunkuya a gabana Allah kaɗai ya san yawansu, kuma mafi yawa na manta da su tun kafin gashin ya sake tsirowa. Amma akwai kai guda, ba ma kan ba, kunne guda, wanda har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Abin ya faru ne a Zangon Kumasi, a shekarun da kuɗin koko ya fara juya wa mutane kai, jirgin ƙasa yana tahowa daga Sekondi cike da baƙi, ana kuma ta maganar za a cike fadamar Kejetia a mai da kasuwa can. Ni a lokacin ban wuce shekara talatin ba. Ga zabira sabuwa, ga hannu mai laushi, ga kuma baki. To, bakin nan shi ya jawo mini.

Akwai wani mutum a unguwarmu da ba ya fataucin goro, ba ya dako, ba ya ɗinki, amma kullum rigarsa a buge take, gidansa kuma ba a rasa hayaƙi. Sana'arsa karta. Ba irin wadda samari ke yi a gindin bishiya don kashe lokaci ba. Wani wasa ne da ya koyo wajen ma'aikatan jirgin ruwa a bakin teku, Turawa suna ce masa foka. Kowa a ba shi karta biyar ya ɓoye a hannu, a yi ta ƙara zubi. Kana iya riƙe tarkace ka yi wa abokin wasanka burga har ya tsorata ya janye, ka kwashe. In kuwa ya gane burga ce, ya ce ka buɗe, ka shiga uku. Saboda haka wasan ba a hannu yake ba, a fuska yake.

Shi kuwa mutumin nan fuskarsa kamar bango. Ƙarshen wata ya hau jirgi zuwa Obuasi lokacin da ake biyan masu haƙar zinariya, lokacin koko ya bi ƙauyuka wajen masu saye da akawunansu, ranar Alhamis ya dawo gida. Sunansa ya kai ko'ina. In ya ratsa kasuwa, matan Asante masu sayar da borkono sai su riƙa zungurar juna. Malamai su yi wa'azi a kansa ranar Juma'a, kuma gaskiyarsu ne, caca haramun ce ba wanda ya isa ya halatta ta. Amma da yamma sai ka ga ɗayansu ya zauna a tabarmata, ya rage murya ya ce, "Wanzam, wai da gaske ne ya cinye akawun nan har da lema?" Wai don ya ƙara wa wa'azi ƙarfi yake tambaya.

Abu ɗaya da aka san shi da shi, rawani. Ko izu ɗaya bai haddace ba, amma rawaninsa ya fi na limaminmu girma, ya naɗe shi har ya rufe kunnuwa, komai zafin gari. Mu dai mai rawani muke ce masa. Ba wanda ke ganin kansa a buɗe sai ni, kowace Juma'a da hantsi, a cikin zaurensa, an saki asabari.

A nan na gano abin da na gano. Mutum ne mai son hira in ana masa aski. Wata rana yana ba ni labarin yadda ya ƙetare kogi a bayan kada, sai na ga kunnensa na hagu ya ɗan motsa, kamar na akuya in ƙuda ya sauka. Na ce ko idona ne. Mako na gaba ya ce wani kyaftin ɗin jirgi ya durƙusa yana roƙonsa ya mayar masa da agogo, kunnen ya sake motsawa. Sai na fara gwaji. In na tambaye shi lafiyar tsohuwarsa, kunne shiru. In na tambaye shi kifin da ya taɓa kamawa a Sekondi, kunne ya kama rawa. Na ce a raina, "Af! Ashe dalilin rawanin ke nan."

Shekara uku na riƙe maganar nan. Ku da ba wanzamai ba, ba za ku san wahalar da na sha ba. Kullum mutane a tabarmata suna gardamar sirrin mai rawani, wani ya ce laya ce, wani ya ce aljani ke leƙa masa kartar mutane, ni kuwa ga amsa a kan harshena kamar garwashi, ina haɗiyewa.

Ana nan sai ga wani baƙo ya sauka daga jirgin Sekondi. Bahaushe ne haifaffen bakin teku, da kwat, da hular Bature, da sarƙar agogo tana lilo a ciki. Shi ma karta ce abincinsa, an ce har Turawan kamfani yake zama da su. Bai kwana biyu ba ya faɗa a bainar jama'a cewa Kumasi ba ta ɗaukar gwanaye biyu. Mai rawani ya aika masa da amsa: su haɗu ranar Asabar bayan la'asar, wanda aka cinye ya hau jirgin Litinin, kada ya sake raba karta a garin nan har abada. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai rawani yana da tsohuwa da ba ta iya tafiya, da mata, da 'ya'ya uku da ni na yi musu askin suna da hannuna.

Ranar Laraba baƙon ya zo tabarmata. Na jiƙa masa kai, na fara. Ya lumshe ido ya ce, "Hannunka na da daɗi sosai paa. Sai dai ku wanzaman nan cikin ƙasa, gashi kawai kuka sani. Namu na bakin teku, in ya riƙe kan mutum sau ɗaya, ya san abin da ke ciki."

Na ji abin har ƙafata. Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "To, an ce kai kaɗai ke ganin kan mai rawani. Shekara nawa? Na tabbata ko launin ƙeyarsa ba ka lura da shi ba."

Ingiza mai kantu ruwa ne ƙarara, yaro ma zai gane. Amma an taɓa sana'ar ubana da kakana. Ban san lokacin da na ce, "Ƙeya? Ni da na san kunnensa na hagu ba ya iya zama shiru in yana ƙarya!" Ina rufe baki na gane abin da na yi. Baƙon ya jira na gama askin. Ya shafa kansa, ya biya ni fiye da ƙima, ya sa hula ya tafi yana fito.

Kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Ranar Juma'a na shiga zauren mai rawani da niyyar in faɗa masa gaskiya, ko zai tsine mini. Ya warware rawani, ya sunkuya. Na fara aski hankalina ba ya kan aikin, har na ɗan yanke shi a bayan kunne, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Yaya, akwai maganar da..."

Ya ce, "Wanzam, aski ka zo yi ko wa'azi? Ka ga har ka fitar mini da jini. Rufe bakinka ka gama."

Na sake buɗe baki, ya sake tare ni. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ji daɗin tarewar. Na fito ina gaya wa kaina ai na yi ƙoƙari.

Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarma a gindin wata babbar bishiya bayan shagon kayan jirgi. Jama'a kamar ranar kasuwa: 'yan dako, masu goro, akawuna, har da wasu dattawa da suka ce hanya ce kawai ta biyo da su. Kafin a raba karta baƙon ya ɗaga hannu ya ce, "Ni ba na wasa da laya. A cire rawanin nan kowa ya ga abin da ke ciki." Wuri ya ɗauki hayaniya. Mai rawani ya ɓata rai, ya yi gardama, ya rantse, amma jama'a suka goyi bayan baƙo. A hankali ya warware shi ya ajiye a cinya. Ga kai ƙwal yana sheƙi, aikin hannuna, ga kunnuwa biyu a fili. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka fara. Ba a jima ba mai rawani ya ƙara zubi, fuska kamar kullum, sai kunnen ya motsa. Baƙon ya ce, "Buɗe mu gani." Tarkace. Aka yi "Kai!" Can kuma ya sake, kunne ya sake tona shi, baƙo ya sake kwashewa. Sau huɗu ana haka. In kunne ya yi shiru baƙon ya janye abinsa, in ya motsa ya afka. Abin da ke gaban mai rawani ya yi ta raguwa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ni kuwa ba karta nake gani ba. Tsohuwar nan nake gani an ɗauke ta a kujera za a sa a jirgi, da yaran nan riƙe da ƙullin kaya, duk saboda wani ya ce wanzaman bakin teku sun fi mu.

Rana ta yi sanyi sai aka zo hannun da ya raba gardama. Mai rawani ya dubi kartarsa, ya tura duk abin da ya rage masa tsakiya, ya ɗora rawanin a kan kuɗin, ya ce, "Mu gama a nan. Wanda ya faɗi a wannan, shi ne na jirgi." Kunnen nan ya kama rawa irin wadda ban taɓa gani ba, ko a labarin kada. Na rufe ido. Na ji baƙon ya yi dariya, ya tura nasa duka, ya ɓalle agogo ya jefa, ya ce, "Na yarda. Buɗe, Alhaji." Ba Alhaji ba ne, ba'a ce yake masa.

Na buɗe ido. Sarakunan karta huɗu ne a jere a kan tabarma, hannun da ba kasafai ake doke shi ba. Baƙon ya dube su, ya dubi kunnen, sannan ya waiwayo yana neman fuskata a cikin taro. Wuri ya kaure da ihu. Mai rawani bai yi ko murmushi ba. Ya ɗauki rawaninsa zai naɗa, idonsa ya faɗo cikin nawa, sai ya motsa mini kunnen dama, wanda shekara uku ban taɓa ganin ya yi ko gezau ba.

Baƙo ya hau jirgin Litinin. Ni kuwa Juma'ar da ta biyo na tsaya a ƙofar zaure na kasa shiga, sai da ya kira ni. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni na faɗa masa. Na ci amanarka."

Ya ce, "Na sani mana. Wa kake tsammani ya sa aka gaya masa kai kaɗai ke ganin kaina?" Ya motsa na hagu, ya motsa na dama, ya haɗa duka biyun. "Tun ina yaro na iya. Kowane gari ina da wanzamin da nake yi wa. Amma kai ka wahalar da ni, Wanzam. Shekara uku! Na Obuasi wata biyu ya yi. Har na fara tunanin in sake wanzami."

Ya yi ta dariya har da hawaye. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Shekara uku ina jin ni ne amininsa, ashe ajiye ni ya yi kamar tarko, yana da tabbacin bakina zai yi aikinsa. Kuma bai yi kuskure ba. Da kunnen nan na gaskiya ne, da na kori gida guda daga garin nan.

Irin sana'arsu ba ta tsufa da mutum. Bayan wasu shekaru idonsa ya raunana, yara sababbi suka taso, abin da karta ta kawo karta ta kwashe. Ya tuba, ya koma sayar da goro a ƙofar masallaci, rawanin ya ragu ya zama ɗan ƙyalle. Ban fasa zuwa ranar Juma'a ba. A askinsa na ƙarshe, yana kwance ba ya iya zama, ya riƙe hannuna ya gaya mini wata magana da ta daɗe tana cin sa, wadda ko matarsa ba ta sani ba. Na dubi kunnuwan, saboda sabo. Duka biyun shiru.

Ya ce, "Wannan ba ta tarko ba ce, Wanzam."

Na ce, "Na gani, Yaya."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda na danƙa wa aska: mutumin da ya cire hula ya sunkuyar maka da kai, ba gashi kaɗai ya ba ka ba, kuma ba ruwanka da ko abin da ka gani gaskiya ne ko gwaji. Maganar da ya gaya mini ran nan yau ta fi shekara talatin a cikina. Na san kuna jira ku ji. Ku yi haƙuri, wanzami mai bakin da kuke nema ya bar aiki tun ranar Asabar ɗin kartar nan.