Sakwarar Mama da Ragowar Tumbina

Kafin in yarda a rage mini tumbi na tuna mutuwa, na tuna 'ya'yana, na tuna bakin mutane, amma ban tuna Mama ba. Ba ita ta haife ni ba, ko yare ba mu haɗa ba. Matar wani tsohon manomi ce a wani ƙauye can bayan Ashige, wanda na daɗe ina sarin doya a hannunsa. Ina ce masa Baba, ina ce mata Mama, su kuma su ce mini Alhaji. A gidansu ba a buɗe wa mai saye rumbu sai ya ci sakwara. Baba zai miƙo mini wuƙa in yanka kazar da hannuna don kada in yi shakkar yankan, Mama ta daka, in zauna a gindin mangwaro in share malmala biyu in nemi ƙari. Ita kuwa ta tsaya tana dariya, ta ce ni kaɗai nake biyan ta wahalar daka.

Tun tasowata ban san kaina da rama ba. A kasuwar doya ta garin Lafiya ba a neman sunana, sai dai a ce wa mutum ya je wajen Alhajin nan mai jiki, kuma ba ya ɓata. Da farko har daɗi nake ji, don a sana'armu manomi in ya ga tumbinka ya riga ka shiga gida, hankalinsa ya kwanta. Amma jiki magayi. Suga ta shigo, hawan jini ya biyo ta, gwiwoyi suka ƙi ni har salla ta koma kan kujera. Ana tsakiyar ciniki sai barci ya sace ni, in farka in ga dillalai suna ƙunshe dariya. Matata ta ce in ina barci numfashina yakan ɗauke har sai ta girgiza ni. Babu abin da ban gwada ba: ruwan zafi da lemun tsami, saiwoyi masu ɗaci, azumin Litinin da Alhamis. Azumin nan kuwa, Allah na tuba, duk abin da na bari da rana sai na rama shi da magariba.

Abin da ya karya ni jana'iza ce. Wani abokin sana'armu ya rasu, shi ma mai jiki, ko da yake bai kai ni ba. Ina tafe a bayan makara ina jin masu ɗauka suna nishi, suna neman a karɓe su tun ba a yi nisa ba. Sai wani daga cikinsu ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa, ya kau da kai. Bai ce komai ba, amma na ji abin da ya ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, na so in tambaye shi ko shi aka ba kwangilar ɗaukata. Da na koma gida sai haushin ya tafi, tsoro ya zauna.

Wani likita a Abuja ya gaya mini akwai aikin da ake yi a Indiya, a yanke yawancin tumbin mutum a bar masa ɗan siriri. Wajen 2008 ke nan, lokacin ko labarin irin wannan aiki ba mu taɓa ji ba a wajenmu. Matata ta ce, "Alhaji, mutum da ƙafafunsa ya kai kansa a yanka? In ba ka tashi ba in ce wa yara me?" Na yi istihara, na fasa, na sake ɗaura niyya, na sake fasawa. In na tafi ina jin tsoron wuƙa, in na zauna ina jin tsoron makarar nan. A ƙarshe dai na tafi, aka yi, Allah ya tashe ni.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ni da nake share tire, na koma shan kunu da ƙaramin cokali kamar jinjirin da ake yaye. Likita ya kafa mini doka: kowace loma in tauna ta har ta zama ruwa, kada in haɗa ci da sha, da na ji alamar ƙoshi in tsaya. In na ƙara loma ɗaya a kan ƙa'ida, ƙirjina ya toshe, zufa ta karyo, sai amai. Jiki ya shiga zubewa. Gwiwa ta yi sauƙi, na koma sujada, na koma tuƙa a-kori-kurata da kaina, wannan kam na gode wa Allah. Amma manyan rigunana suka koma kamar na aro, fatar wuya ta saki, kuma kasuwa ta samu abin taunawa. Wasu suka ce ƙanjamau ne, wasu suka ce sammu. In na ce aiki aka yi mini, sai a ce, "Allah ya ƙara sauƙi," da irin muryar da ake yi wa wanda ake ganin ya kusa. Na yi faɗa har na gaji.

Da kaka ta yi, wani manomi daga yankin su Baba ya kawo doya kasuwa, ya ja ni gefe. Ya ce da damina jikan ƙanin Baba ya yi zazzaɓi ya rasu, kuma an ce ranar da ciwon ya kama shi a gidan Mama ya ci abinci. Tun daga nan aka sa mata sunan mayya. Mata sun daina zuwa aron turminta, in ta aika wa maƙwabta abinci sai a dawo mata da kwanon a rufe yadda ya tafi. Na ce wannan ai zalunci ne. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Alhaji, akwai saura. Labarin ramarka ya kai ƙauye. Cewa ake yi ga wanda ya fi kowa cin abincinta nan, ta shanye shi."

Wato ni da na biya kuɗina aka yanka ni a wata ƙasa, ni ne na zama shaida a kan tsohuwar da ba ta taɓa ba ni komai ba sai abinci. In na ƙi zuwa, a ce har Alhaji ya gudu. In na je na ƙi ci, a ce ya gane. In na ci na yi amai a tsakar gidanta, to wannan kam an gama da ita, don na san abin da ake yi wa wadda aka tabbatar wa maita: mafi sauƙi a kore ta daga garin da ta tsufa a ciki. Gaba kura, baya sayaki. Matata ta ce in aika dillali ya ɗauko doyar kawai. Na ce mata ba doya ce matsalar ba.

Na isa da hantsi. Da na fito daga mota, Baba ya tsaya yana kallona kamar bai gane ni ba, sannan ya riƙe hannuna ya kasa saki. Mama ta fito daga kicin. Ita ma ta rame, kuma ba wanda ya yi mata aiki. Ba ta tsokane ni ba. Ta ce, "Yarona, sannu da zuwa," ta koma ciki. Kafin in zauna mutane sun fara taruwa, wai gaisuwa suka zo. Wasu suka zauna a kan gungume, mata suka tsaya a bakin danga. Ƙanin Baba, kakan yaron da ya rasu, ya zauna daidai gabana.

Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na miƙe, na yi musu bayani tiryan-tiryan: ga ciwon da ya dame ni, ga ƙasar da na je, ga abin da likita ya yi. Sannan, ni Alhaji guda, na ɗaga rigata a gaban mata da maza na nuna musu tabon. Abin haushi, aikin na zamani ne, ta 'yan ƙananan huji aka yi shi, tabon bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ƙanin Baba ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce, "Ta nan aka fitar da tumbi? Alhaji, mu ma muna fiɗa." Wani ya ce shi bai taɓa jin mai kuɗi ya biya a hana shi cin abinci ba. Na saki rigata, kunya da haushi suka cika ni. Na gane magana ba za ta yi ba.

Baba ya miƙo wuƙa, na yanka kaza. Ina jin sautin taɓarya daga bayan ɗaki. Da Mama ta kawo, sai na ga malmala ɗaya ce, ƙarama, miyar agushi kuma ta yi ta ruwa-ruwa. Ta ji bayanina ke nan, ita dai ta yarda. Ta ajiye ta ja gefe ta tsaya, hannuwanta a bayanta. Baba ya wanke hannu ya zauna tare da ni. Ya yi wa jama'a tayi, ba wanda ya motsa.

Na yi bisimilla, na gutsuri 'yar ƙarama, na sa a baki na fara taunawa yadda likita ya ce. Wanda ya san sakwara ya san ba a tauna ta, a mulmula ne a dangwala a haɗiye. Ban kai ga loma ta uku ba na ji wata mata a bakin danga ta ce, ba da ƙarfi ba, "Yau Alhaji tauna yake yi. Me yake nema a ciki?" Na dubi Mama. Idonta yana ƙasa.

Sai na daina tauna. Na yanko loma irin ta da, na dangwala, na haɗiye. Na ji ta sauka ta tsaya a ƙirji kamar an cusa tsumma a bututu. Na ƙara wata. Na ce, "Mama, hannun nan naki dai bai tsufa ba," na yi dariya, na ƙara. Zufa ta fara tsattsafo mini a goshi, yawu ya cika bakina, zuciyata tana bugawa har cikin kunne. Tsoro biyu nake ji a lokaci guda: kada ɗinkin cikina ya ɓalle, kada kuma abin ya dawo a gaban mutanen nan. Ina addu'a a zuci ina murmushi a fili. Na ci fiye da rabi, ban san yadda aka yi ba.

Mama ce ta zo ta ɗauke kwanon. Ta ɗaga shi yadda kowa zai ga cikinsa, ta ce, "Alhaji ya ci." Baba ya tashi zai kai ni rumbu kamar yadda aka saba, ta tare shi. Ta ce, "Doya ba ta gudu. Alhaji yana da sauri yau, zai dawo." Ban iya magana ba, don na san in na buɗe baki an gama. Na ɗaga wa jama'a hannu, na taka zuwa mota a hankali, ina ƙoƙarin kada in sunkuya.

Ta biyo ni ita kaɗai. Da na zauna ta dafa ƙofar motar, ta sunkuyo kamar mai ba ni saƙon gaisuwa. Ta ce, "Yarona, na gani. Ka yi haƙuri. Ka riƙe shi har ka wuce rafi. Bayan rafi ba mutanenmu ba ne."

Hanyar nan duk rami ce, kowane rami sai na ji abin ya taso har maƙogwaro in danne shi. Gidaje ba su ƙarewa. Masu dawowa daga gona suna ɗaga mini hannu, ina ɗaga musu. Wani dattijo da buhu a ka ya tsayar da ni in rage masa hanya, abin da ban taɓa ƙi ba a ƙauyen nan, na yi kamar ban gan shi ba. Hawaye suna zuba, ba na kuka ba, na wahala, ko kuma duka biyun, ban sani ba. Na hango rafin, akwai mata suna wanki a bakinsa. Na shiga ruwan na fita, na hau tudu, na ci gaba har sai da na daina ganinsu a madubi.

Sannan na tsaya. Ko a nan ma sai da na duba gaba, na duba baya, na tabbatar babu kowa, kafin na buɗe ƙofa.