Inna Mai Juya Gwangwani

Kafin masu kanti su gama ɗaga ƙofofi ta iso, jaka a hammata, takalminta ya cinye ta gefe guda. Ita ce mai cefanen gidan marayun da ke bayan asibiti, tun gashinta yana baƙi. Yaran gidan Inna suke ce mata. Masu kanti kuwa Kilo-nawa suka laƙaba mata, kuma ba don ƙauna ba.

Ba ruwanta da gaban kaya, inda ake zana jariri mai kumatu a rubuta garaɓasa. Juya gwangwani take yi, ta nemo nauyinsa cikin ƙananan rubutun nan, ta raba farashi da nauyi, ta ga nawa kilo ya kama, sannan ta ɗauko na kusa da shi ta gwada. Sau da yawa babban kwalin da ake kira mai rahusa shi ya fi tsada.

"Haba Inna, kin tare min layi a kan abin da bai kai ya kawo ba!" in ji wani mai kanti.

"Ɗan nan, abin da bai kai ɗin nan shi ne madarar yarana ta ƙarshen wata," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Mai dafa abincin gidan shaida ce. Kuɗin abinci ya daɗe a tsaye, farashi kuwa kullum gaba yake yi, amma ba a taɓa kife kofunan yaran nan babu madara ba. Inna, ke ce kika sha harara da tsaki a kan layi. Ke ce kika taka zuwa kanti na uku da ciwon gwiwa saboda sabulun can ya fi auki.

Sai ido ya fara cin amanarta. Bara ta sayo katan-katan na madarar da ta saba saye: gwangwani iri ɗaya, farashi bai canza ba a wannan karon. Ashe an rage abin da ke ciki, kuma rubutun da ya faɗi haka ya fi ƙarfin idonta. Wata bai ƙare ba madara ta ƙare. Da safe wata ƙaramar yarinya ta leƙa kofinta, ta ce, "Inna, yau shayin baƙi ne?"

Ba wanda ya zarge ta. Ita ta zargi kanta, ta shiga ɗakin ajiya ta yi kuka, makon nan kuma ta ajiye aiki. Babu walima, babu kyauta. Abin yana min ciwo, wallahi.

Yanzu tana zama a bakin ƙofar kicin. Idan sabuwar mai cefane ta dawo, Inna takan miƙa hannu ta karɓi gwangwani, ta jijjiga shi kusa da kunne, ta ce, "'Yata, karanta min bayansa."

Mun gode, Inna. Allah Ya saka miki, Ya ba idonki lafiya. Ku kuma da naku idon ke gani, idan kun shiga kanti ku juya gwangwanin ku karanta, ko da na bayanku zai yi tsaki.