Daushen Kaka

Ko yau na ji ƙamshin jiƙaƙƙen goro, sai hannuna na hagu ya dunƙule da kansa. Ku yi haƙuri in ba ku dalili.

A unguwar Awali na tashi, a ƙasar Larabawa, a wani gida da ke jingine da katangar gonar dabino, shekarun da kowane gida ke da rikoda da tarin kasakasai. Ni kuwa Allah Ya yi ni da kunnen da ba ya tace komai. Injin ban ruwa, kukan tsohon kandishan lokacin zafi, cokali a kan faranti, duk tare suke shigo mini. Da aka sa ni makaranta abin ya kai maƙura. Kowace safiya akwai ɗabur, wato layin da ɗalibai ke yi a tsakar makaranta, lasifika na tsiwa, yara na amsawa da ƙarfi. Sai in toshe kunne in durƙusa ina cizon hannuna har ya yi jini. Aka yi ta mayar da ni gida, har Baba ya gaji ya ce in aka sake, karatu ya ƙare, in zauna wajen Umma. Ni kuma wallahi ina son karatun nan kamar raina.

A lokacin ne kakata ta wajen uwa ta zo daga Kano ta zauna da mu. Ba ta jin Larabci, ni kuma Hausa ina ji amma da Larabci nake amsawa. Wata safiya Umma na sa mini rigar makaranta, na fashe da kuka ina cewa dausha, dausha, wato hayaniya a bakin mutanen nan. Kaka ta ji daushe, tsohon goron da ya kwana shekara. Ta yi dariya ta ce ashe Balarabiyar tata ta san abu mai kyau, ta kwance bakin mayafi ta danƙa mini ɗaya.

Sanyi gare shi, ga nauyi, ga wani tsagi a tsakiya da babban yatsana ya kama bi yana dawowa. Kukan ya tsaya. Kaka ta zuba mini ido, sai da na kai shi baki ta riƙe hannuna.

"Wannan na hannu ne, ba na baki ba. In ya shige miki wuya, ni ba ni da wata jikar."

Ta zaɓo babba wanda ya fi bakina, ta ɗinke shi cikin ƙyalle, ta yi masa igiya daidai wuyan hannu. Da shi na riƙa tsayawa ɗabur har a gama. Sai wata rana abla, malamarmu, ta hango igiyar. Fuskarta ta canja, don a nan abin da aka ɗinke aka ɗaura laya ce, kuma laya ba ƙaramin laifi ba ce. Ta kai ni ofis, ta ɗauko almakashi. Ni dai na riga na ga kaina a gida har abada. Ta farke ƙyallen, goro ya gangaro kan tebur. Ta juya shi, ta shinshina, ta kalli tabon cizon da ke hannuna. Can ta miƙo mini shi ba ƙyalle, ta ce in sa a aljihu, kuma in abin ya fi ƙarfina in fita daga layi ba sai na tambaya ba.

Yanzu ni ma koyarwa nake yi, akwai yara irina a ajina. Kantuna sun cika da kayan matsawa na roba kala-kala, kowanne sai na ja shi na murɗa kafin in ba yaro, don wasu da ƙananan duwatsu a ciki. Kayan sun yi yawa, amma tsoron bai ragu ba. A makon nan wani uba ya zo ya cire 'yarsa daga makaranta, ya ce ihunta ya ishe shi kunya. Na yi ta roƙonsa, ya ce zai yi tunani. Kujerarta na nan kusa da ƙofa, na hana kowa zama a kai.