Koren Akwatin da ke Ƙofar Madam Rifkatu

Da ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Litinin, a makon farko na shigarmu aji uku a ƙaramar sakandare, sabon malamin ajinmu Malam Sabo ya ce kowa ya ɗauki jakarsa ya fito waje. Ya zo da tsarinsa: gajeru a gaba, dogaye a baya. A wancan hutun na miƙe sosai, har sai da Inna ta warware kalmasar siket ɗina. Sai ga ni a bencin ƙarshe. Na ɗaga kai na dubi allo, rubutun duk ya narke ya zama fari-fari. Shekara biyu ina zama a gaba saboda sammakon da nake yi, ban taɓa sanin idona ba ya ganin nesa ba.

Ni ba mai magana ba ce. A gidan hayarmu na Karmo, idan yara suna carafke a tsakar gida, ni ina bayan tankin ruwa da littafi. Da sassafe in yi shara, in bi layin burtsatse da jarka biyu, in wanke kofunan kokon da Inna take sayar wa ma'aikatan masana'antun Idu, sannan in kama hanya. Littattafaina duk a naɗe suke da takardar siminti, kowane kan darasi da jan layi a ƙarƙashinsa. Burina ɗaya ne, in shiga ajin kimiyya in zama likita, kuma sakamakon aji uku ne yake raba mu.

Sai da na yi kwana uku ina tattara ƙarfin hali kafin na je teburin Malam Sabo. Bai ko ɗago ba ya ce, “Kowa ma gaba yake so, Hajiya doguwa. Koma wurinki.” Aji ya tuntsire da dariya, sunan kuma ya bi ni. A gida Inna ta ce karatu ne ya yi min yawa, in riƙa sa kwalli.

A shekarun nan gari yana ta bunƙasa, ko'ina gini, makarantarmu ma ta sha sabon fenti. A ƙofar ofishin Madam Rifkatu, malamar ba da shawara, akwai wani koren akwati mai ƙaramin kwaɗo. Shugabar makaranta ta sha faɗa mana a layin safe, “Duk mai damuwa ya rubuta ya saka. Mu ne iyayenku a nan.” Na yarda da ita. Nakan fara rubuta wasiƙar a bayan littafi, in gyara, in kwafe a tsabtatacciyar takarda da sunana da ajina. Abu ɗaya nake roƙo, a mayar da ni gaba ko da a ƙasa zan zauna. Duk Juma'a sai na saka ɗaya. Idan Madam ta wuce ta yi min murmushi, sai in ce ta karanta, Litinin za ta kira ni.

A lokacin hutun tara nakan kwafi littafin ƙawata Laraba, har da kurakuranta. Amma lissafi ba ya kwafuwa, don kafin ta rubuta an goge rabin matakan. A ƙarshen shekara, da aka manna sunaye a bango, sai da na kai hancina dab da takardar. Na bi jerin ajin kimiyya sau uku da yatsa, babu ni. A katin sakamakona Malam Sabo ya rubuta cewa na fara wasa da karatu.

Yau ina sanye da tabarau, ina aiki a sashen karɓar wasiƙu na wata ma'aikata, kuma ba na barin takardar kowa ta kwana a teburina ba amsa. Makarantar ’yata tana aiko min saƙo ta waya ko ciwon kai ta yi. Duk da haka, idan na ga ɗalibai da farar riga suna shiga asibitin koyarwa, sai in tuna yarinyar da take goge gefen takarda don kada Madam ta ga datti.

Bara na haɗu da Madam Rifkatu a motar Mararaba, cunkoso ya tsayar da mu. Ta tsufa, ba ta gane ni ba. Na gaishe ta, na faɗi sunana, sannan na yi tambayar da na daɗe ina riƙe da ita, ko ta taɓa ganin wasiƙuna.

Ta gyara jakarta a cinya.

“Ayya, ’yata. Akwatin nan saboda masu zuwa duba makaranta aka kafa shi. Ni tun da na zo ba a taɓa ba ni makullinsa ba.”