Dundumin Goɗiyar Ubale

A Ba'awa ta ƙasar Kiru an yi wani manomi mai suna Ubale, wanda in dai a kan doki ne bai yarda da kowa ba. Mahaifinsa ya taɓa rasa ingarma cikin yini ɗaya, aka ce guba aka zuba masa a dusa, Ubale kuwa da wannan labari ya tashi. Shi kansa goɗiya guda ya mallaka, ja mai farin goshi, a kanta yake cin kasuwannin Bebeji da Tudun Wada.

A daminar 1954 maƙwabcinsa Jibrin ya taya goɗiyar, Ubale ya ce ba ta sayarwa ba ce. Jibrin ya shafa mata fuska, ya ce, "To, Allah ya bar maka ita." Ya yi tafiyarsa.

Ubale ya yi ta juya maganar a ransa, bai ga alheri a cikinta ba. Ya tuge turke daga ƙofar gida ya kafa a bayan ɗakin matarsa Turai. Ya daina kai goɗiyar kiwo. Ko ɗanyar ciyawa aka yanko ba ya ba ta, wai ana iya barbaɗa wani abu a saura. Abincinta ya koma dusa da tsohuwar harawar bara, wadda rana ta gasa a kan rumfa har ta yi fari.

Haka aka ci kaka, aka ci rani. Da bazara ta kama sai goɗiyar ta soma tuntuɓe. Da rana lafiya lau take gani, amma da magariba ta gabato sai ta riƙa karo da danga, idanunta na zubar da ruwa, gashinta ya yi birci-birci. Ubale ya ce magana ta fito, ai fuskarta Jibrin ya shafa. Ya daina gaisawa da shi, ya hana Turai ko ɗebo wuta a gidansu.

Ana nan sai wani malamin dabbobi, Balarabe, ya zo yi wa shanu allura. Turai ta matsa wa mijinta har ya kira shi. Balarabe ya buɗe idon goɗiyar ya duba, ya murza harawar a tafin hannu ta zama gari, ya ce wannan dundumi ne. Ya yi bayani cewa akwai wani sinadari a ɗanyen ganye wanda hanjin doki ke sarrafawa, hanta ta adana, jini ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan yana kai wa ido. Ajiyar takan yi watanni, in ta ƙare ba a ƙara ba sai gani ya raunana. Tsohuwar harawa kuwa rana ta riga ta cinye nata.

Ubale ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, kafin ka shigo nan, gidan wa ka fara sauka?"

Balarabe ya ce ruwa kawai ya sha a ƙofar gidan Jibrin. Ubale ya yi masa godiya ya raka shi waje, ya ce wa Turai bakin malamin da Jibrin ɗaya, so suke ya fito da goɗiyar fili.

Bayan 'yan kwanaki goɗiyar ta faɗa kan turmi ta fasa gwiwa. Turai ta ce in tsoron mutanen garin yake, ya kai ta inda ba su. Wannan ya shige shi. Ya ja goɗiyar zuwa wajen Falgore, rugar wani Bafulatani Buba, bakin rafin da ciyawarsa ba ta bushewa. Bai bar wa Buba ita ba, shi ya zauna yana kiwonta da kansa. Kafin ruwa ya sauka sosai ta daina tuntuɓe, gashinta ya kwanta.

Da ya dawo gida ya ce nisantar Jibrin ce ta warkar da ita. Duk da haka kowane rani yakan tafi fadama ya yanko ɗanyar ciyawa da hannunsa, ba ya aiken kowa. Mai unguwa ya sasanta su da Jibrin, suka koma gaisawa, amma iyakarta gaisuwar. Goɗiyar ta haifi duƙushi biyu, ta tsufa a gidan, da ta mutu Ubale bai sake ɗaure doki ba.