Wayar da Na Jefa a Kogin Mekong

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani kamfanin shigo da daskararren kifi a gefen kasuwar Al-Aziziya nan Riyad, na yi wani abu da har yau 'yan unguwarmu ke ba da rabin labarinsa. Wai ni ne mahaukacin da ya jefa wayar mutum a kogi a ƙasar Vietnam. Ban musa ba, na jefa. Abin da ba sa faɗa shi ne abin da ke cikin wayar.

Mu uku mudir, wato manajan kamfanin, ya ɗauka a wannan tafiya don ganin wuraren da muke sayo kifi. Ni an tafi da ni saboda ɗan Turancina. Abokina, wanda muke ɗaki ɗaya da shi a Al-Jaradiya, an tafi da shi saboda ɗan masunta ne daga bakin Tafkin Chadi, ya san kifi. Na ukunmu taubashinsa ne, ɗan kawunsa, haifaffen Riyad, wanda Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Shi ke kula da ciniki a kamfanin, shi kuma ya yi wa abokina hanyar iƙama, wato takardar izinin zama, da aikin. Kun san yadda wasan taubasai yake: shi ɗan namiji, abokina ɗan mace, don haka "bawana" yake kiransa daga safe har yamma, shi kuma ya amsa da "ranka ya daɗe". A al'ada ba a fushi da taubashi ko me ya yi maka. Wannan mutumin kuwa daga duk al'adar Hausa wannan kaɗai ya riƙe da kyau.

Akwai abin da na sani game da abokina wanda taubashin bai sani ba. Abokina ba ya hawa lif, ko hawa nawa ne da ƙafa yake takawa, kuma ba ya yarda a rufe ƙofar ɗaki ruf. Da na dame shi da tsiya wata rana sai ya gaya mini dalili. Ranar da 'yan bindiga suka shiga garinsu, shi da ƙaninsa, autan gidansu, suka faɗa cikin kwalbatin da ke ƙarƙashin titi. Harsashi ya riga ya sami yaron a ciki. Wuni guda suka yi a wannan duhun, yana toshe masa baki da hannu don kada a ji nishinsa, kuma a hannun nasa yaron ya cika. Dangi sun san autan ya rasu a harin, amma shi da mahaifiyarsa kaɗai suka san yadda abin ya kasance. Ya ce, "Malam, amana na ba ka." Na ce na karɓa.

Ranar ƙarshe ba mu da aiki, mudir ya zauna a otal, taubashin ya yanko mana tikitin yawon wuni ɗaya: da safe ramukan yaƙi na Kuci, da rana tsibiran kogin Mekong. Ni kogin kawai na ji, ban tsaya tambayar mene ne ramukan ba. Ina can ina murna zan ci kifin da bai ga firiza ba.

Wurin daji ne mai inuwa, da Turawa birjik cikin gajerun wanduna. Jagoranmu, wani siririn mutum mai riƙe da 'yar tuta, ya nuna mana tarkunan gora masu tsini, da tsohuwar tankar yaƙi da ake hawa ana hoto, ya ce mutanen yankin shekaru suka yi a ƙarƙashin ƙasa, a can suke girki, a can suke jinya, a can mata suke haihuwa, bama-bamai na sauka a kansu. Yana wannan bayani kuma can gefe ana ta ɓarin wuta, domin akwai filin da baƙi ke sayen harsashi su harba don nishaɗi. Duk ƙara ɗaya sai na ga kafaɗar abokina ta ɗaga. Tun daga nan raina ya fara ɓaci. Wurin da aka binne mutane da rai, a ce nan ne wurin wasan bindiga?

Da muka zo bakin ramin da ake shigar da baƙi, abokina ya ja baya. Ya ce shi zai jira mu a sama.

"La wallah!" in ji taubashin. "Bawa ne ke shiga gaba ya duba wa ubangidansa hanya. Yalla, bawana, sauka."

"Ranka ya daɗe, a yafe wa bawa yau. Ƙafata ke ciwo."

"Ƙarya kake. Tsoro ne! Ku zo ku ga ƙato yana tsoron rami!" Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Larabci, ya ƙara da Turanci don Turawa su ma su samu nasu rabon.

Na ce, "Kai, ƙyale shi mana. Dole ne?"

"Ya akhi, ina ruwanka? Tsakanina da taubashina ne. Kai baƙo ne a nan."

Abokina ya kalle ni, kallon da ke cewa in yi shiru. Ya yi 'yar dariya, ya tuɓe hularsa ya sa a aljihu, ya sauka. Taubashin ya bi shi yana ɗaukarsa bidiyo da waya, ni na bi bayansu.

Ban taɓa shiga wuri irin wannan ba. A tsugune ake tafiya, bango na gogar kafaɗu biyu, iska kamar ta cikin tukunya. Wai ma an faɗaɗa shi ne saboda baƙi. Ni da tumbina ina ta addu'ar kada in maƙale in kunyata Najeriya. Ba mu yi nisa ba layin ya tsaya, wani a gaba yana ɗaukar hoto. Ga mutum gaba, ga mutum baya, ga duhu, ga ƙarar bindiga na shigowa ta cikin ƙasa. Sai na ji muryar abokina, muryar da ban san yana da ita ba. Sunan ƙaninsa yake kira. Yana kira yana cewa, "Yi shiru, yi shiru, za su ji mu." Sannan ya fara dukan bango yana kuka.

Taubashin kuwa fitilar wayarsa ya haska masa a fuska, yana dariya har yana tari.

Jagoran ne ya fitar da mu ta wata ƙaramar ƙofa. Abokina ya zube a gindin bishiya, jikinsa duk jar ƙasa. Aka kawo mana dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa, abincin da aka ce shi mayaƙan ke ci, ko kallonsa bai yi ba. Da ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara cewa shi ne, "Ranka ya daɗe, ka ci ni yau." Wallahi wannan maganar ta fi kukan ƙona mini rai.

A mota, hanya mai nisa zuwa kogi, mutumin nan ya kunna bidiyon ya fi a ƙirga. Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya.

"Don girman Allah ka goge abin nan."

"Halas, zan goge. Bari dai in tura gurup ɗin dangi tukuna. Shekara guda za a yi ana dariya."

"Gwaggonka tana gurup ɗin nan."

"To sai me? Ita ta haifi matsoraci."

"Ba ka ji sunan wa yake kira ba?"

"Na ji. Mutum in ya tsorata kowa ma kira yake. Mafi mushkila, ba matsala, Malam, wasa ne. Ku 'yan Najeriya komai sai kun mai da shi babba."

Maganar tana bakina, kalma biyu ta isa ta kashe masa dariyar. Amma amana ce, mai ita kuma yana zaune a kujerar gaba ya jingina kai da gilashi. Na haɗiye. Abin da ya cece mu a lokacin shi ne intanet ɗin motar ya ƙi aiki, ina ganin bidiyon yana ta juyawa bai tafi ba. Ban taɓa yi wa rashin netwok addu'ar ɗorewa ba sai ranar.

Mekong ruwa ne mai faɗi, ja kamar kunun kanwa, jiragen kaya da na masunta na ta kai da kawo. Aka tsallaka da mu wani tsibiri, aka nuna mana yadda ake alewar kwakwa, aka ba mu shayi da zuma, aka kawo soyayyen kifi a tsaye a faranti. Muka haɗa Azahar da La'asar a ƙarƙashin wata rumfa. A nan na ga abokina ya ɗan sake. Ya tsaya yana kallon wani dattijo da ke gyaran koma, ya ce da ni, "Kamar gida." Ban taɓa jin ya ambaci gida da wannan murya ba. Har na fara cewa a raina wataƙila ranar za ta ƙare lafiya.

Daga nan aka zuba mu a ƙananan kwale-kwale, mu uku a ɗaya, wata mata mai malafa tana tuƙa mu ta wani siririn rafi da ganyaye suka rufe samansa. Shiru, sai ƙarar filafili. Abokina yana gaba ya sa hannu a ruwa. Kawai sai na ji kukan nan ya sake tashi daga bayana, sunan yaron yana fita daga lasifika. Matar ta dakata da tuƙi ta waiwayo. Abokina ya sandare a inda yake zaune.

"Alhamdulillah, netwok ya zo!" in ji taubashin.

Idona ya rufe. Ban san lokacin da na juya ba, kwale-kwalen ya tangaɗa har ruwa ya shigo, na fizge wayar na wurga ta iya ƙarfina. Ta faɗa tsakanin saiwoyi, ruwan ya haɗiye ta.

"Inta majnun?" Wai ko na haukace. Ya miƙe zai cakume ni, matar ta daka mana tsawa da yarensu, ya koma ya zauna. Zagin da ya yi mini da Larabci ban san akwai shi a harshen ba. Na ce masa in ya ƙara kalma ɗaya zai bi wayar. Ina huci, ina jin kaina kamar wani jarumi.

Sai wayar abokina ta yi ƙara a aljihunsa. Ta ƙara. Ta ƙara. Ya ciro ya duba, ya miƙo mini ba tare da ya juyo ba. Bidiyon ya riga ya shiga. Ƙarƙashinsa fuskokin dariya ne ke ta sauka daga 'yan uwa na Riyad da na Jidda da na Kano, waɗanda ba su tsaya sauraron abin da yake faɗa ba.

Sauran ba shi da daɗin faɗa. Mudir ya ce in saya wa mutumin sabuwar waya, na saya. Taubashin ya daina gaishe ni. Manyan unguwa suka kira ni suka yi mini nasiha a kan shiga tsakanin 'yan uwa, wani dattijo har da ce mini wasan taubasai tun kakanni ake yinsa, ba a taɓa jin ya kashe kowa ba. Abokina bai yi fushi da taubashinsa ba, ko ya yi bai nuna ba. Iƙamarsa ta hannun mutumin ta biyo, al'ada kuma ta ɗaure masa baki.

Bayan mun dawo da 'yan kwanaki, muna cin abincin rana a ɗakin ajiya, saƙon murya ya shigo masa daga mahaifiyarsa. Ya ce in zauna mu ji tare, shi kaɗai ba zai iya ba. Na ɗauka kuka za ta yi ko ta tsine wa ɗan ɗan'uwanta. Ba ta yi ko ɗaya ba. A hankali take magana. Ta ce yayarsa ta ɗauki wayarta ta goge bidiyon don kada ta sake gani. Ta ce, "Ka turo mini shi, kai. Tun da yaron nan ya tafi kowa ke ɓoye mini sunansa, kamar ban haife shi ba. Na ji ka kira shi. Ina so in ƙara ji."

Abokina ya ajiye cokali. Ya nemo bidiyon ya tura mata, da dariyar taubashin a ciki da komai, domin ba yadda za a raba su.

Na bar kamfanin tuntuni, abokina ma ya koma gida ya yi aure. An ce taubashin ya ji cikakken labarin daga baya, ya kira gwaggonsa ya ba ta haƙuri, ta ce ta yafe. Ita ta yafe. Ni da ba a yi wa komai ba, ni ne har yau abin ke ci. Ba na ƙin wasa, ni ma ina da taubasai kuma muna taɓawa. Amma na daina yarda da mutumin da ke fakewa da "wasa ne" bayan ya ga idon ɗan'uwansa ya canza. Ba sai an ba ka tarihin mutum ba kafin ka gane yana roƙonka ka bari.

Mutane kan tambaye ni ko na yi nadamar jefa wayar. Na yi. Tun a bakin ramin ya kamata in jefa ta. Yau akwai wata tsohuwa a bakin tafki da in kewar autanta ta taso mata, abin da take da shi shi ne ta kunna kukan ɗanta ɗaya yana kiran ɗayan, wani ƙato yana dariya a kai.