Azumin Inna da Ruwan Wankin Ƙoda

Shekarar da ƙodar Inna ta gaza, ni na je na ɗauko ta daga ɗakinta na unguwar Mahjar a Jidda na dawo da ita gidana a unguwar Bani Malik. Ba da son ranta ba. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana soya ƙosai a bakin titi, wadda ba ta taɓa cewa wani ya miƙo mata buta ba, ita ce aka ce ta kwanta a jona mata roba a ciki. Likitoci sun ɗora ta a kan wankin ƙoda na gida. Ana rataye jakar ruwa, ruwan ya bi siririyar roba ya shiga cikinta ya jima, sannan a sauke shi ya fito da datti. Haka ake yi safe, rana da yamma, babu fashi.

'Yata ta fari ce ta riƙe aikin. Lokacin tana karatun jinya, kuma ita kaɗai Inna ta yarda ta taɓa mata ciki. Yarinyar haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa tas, amma in za ta mayar sai Larabci ya riga fita. Inna kan tsokane ta cewa Hausarta ba ta nuna ba, ita kuma ta yi dariya ta ce halas, Sitti, wato ya isa haka, Kaka, kwanta mu gama.

Da watan Sha'aban ya raba, Inna ta tayar da maganar azumi. Ta aiki yayana wajen limamin unguwa. Liman ya ce shi ba likita ba ne, a tambayi masu sani: in akwai abin da ke ciyar da jiki da yake shiga jini daga ruwan nan, to azumi bai tsaya ba. Ya ƙara da cewa Allah ya ɗauke wa mai irin wannan ciwo azumi, ciyarwa ce a kanta. Inna ta kama rabin farko ta watsar da na biyu. Ta ce in ruwan yana karya azumi, a bar shi kawai sai an sha ruwa. Na san kafiyar uwata, in ta faɗi abu ta gama. Na kuma san abin da likita ya ce zai faru in aka riƙa tsallake wankin rana.

Yaya ya ja 'yata zuwa kicin ya roƙe ta. Ya ce ta gaya wa tsohuwa babu abin da ke shiga, ruwa ne ya je ya dawo, sai ta yi azuminta ana wankinta, kowa ya huta. Raina ya ɓaci da ya ɗora wa yarinya wannan kaya, na kuma gaya masa haka ba ɓoye-ɓoye. Amma da ya tambaye ni wace dabara gare ni da ta fi tasa, sai na juya na bar shi a wurin.

Bayan la'asar, ruwan yana sauka, Inna ta kama hannun jikarta ta tambaye ta ko wani abu daga ruwan yana shiga jininta. Ina tsaye bakin ƙofa.

Yarinyar nan ta durƙusa ta yi bayani da Hausa, tana tuntuɓe tana tashi, ba ta gudu zuwa Larabci ba. Ta ce a cikin cikin mutum akwai wani tantani marar kauri, jijiyoyin jini ƙanana sun cika shi. Dattin da ƙoda ta kasa fitarwa ya yi yawa a jini, a ruwan jaka kuwa babu shi, shi ya sa yake ratsa tantanin ya koma inda babu. An sa sukari a ruwan don ya jawo ruwan da ya taru a jiki, kamar yadda in an barbaɗa sukari a kan yankakken mangwaro yake tsatso ruwa. Sai ta ƙara da cewa:

"Amma Sitti, hanyar ba ta fita kaɗai ba ce. Wani sukarin yana ratsawa ya shiga jininki. Ba zan ce miki ba ya shiga ba."

Yaya ya juya ya fita. Inna ta ce to shi ke nan, a cire da rana.

"In an cire, dattin ba shi da wata ƙofa," in ji yarinyar. "Zai zauna a jininki, ruwa ya hau ƙirjinki. Na gaya miki gaskiya a na farko, ki yarda da ni a na biyu."

Inna ta mayar da fuskarta bango, ta yi kwanaki ba ta tsokani kowa ba. Ni kuwa, duk da tsoron da nake ciki, wallahi ban taɓa jin alfahari da abin da na haifa kamar ranar nan ba. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana.

Aka ga wata. Da sahur muka ci abinci a hankali, kowa yana satar kallon ƙofar ɗakinta, ba ta fito ba. Gari ya waye, hantsi ya ɗaga, lokacin wanki ya yi, babu wanda ya iya zuwa ya ƙwanƙwasa. Sai muka ji muryarta daga ciki tana kiran jikarta.

"Yalla, maza zo ki rataya jakar. Ki taho mini da magani da ruwa a kofi."

Na bi bayan yarinyar. Inna ta karɓi kofin da hannu biyu. Ta dube ni ta ce in ja labule, kada maƙwabta su gani. Na ja. Ta yi bisimilla ta sha, hawaye yana zuba a cikin kofin.